Ranar da maballin AI ɗinmu ya goge mahaifiyar wata baiwar Allah daga salsalar gidansu

Mu uku ne a aikin nan, ni da abokina mai kula da sabar, sai wata ƙanwarmu da ke tsara yadda fuskar manhajar zata kasance, ofishin namu kuwa ɗaki ɗaya ne da muke haya a Unguwar Sarki nan Kaduna. Abun da muka gina manhajar zane ce da ake buɗewa a burauza, zanen akwati da kibiya nake nufi, irin wanda ɗalibin kwamfuta ke sawa a babi na uku na furojet ɗinsa don nuna inda shiri ya fara da inda ya ƙare, ko wanda ƙungiya ke mannawa a bango a ga waye shugaba waye ke ƙarƙashin wa. Akwai manya a fagen tun kafin mu zo, draw.io da Lucidchart da Miro da Visio na Microsoft, bamu taɓa cewa zamu kara dasu ba. Abun da muka riƙe kawai shine tamu bata da nauyi, tana buɗewa a ƙaramar waya, in netwok ya ɗauke zanenka na nan ajiye cikin wayar har ya dawo, sannan maballanta da Hausa suke.

Farko ɗalibai ne suka fi shigowa, ƴan Kadpoly da ƴan KASU, daga baya masu shagon buga takardu na wajen Tudun Wada suka gano ta, su kuma suka kawo mana aikin da ko a mafarki bamu tsara ba, wato zanen salsalar dangi. Gida zai haɗa taron zumunci, sai a ce a zana tun daga kakan kaka har kan jariran da aka haifa bana, a buga a babban fleks a rataye. Da hannu suke ja, akwati ɗaya bayan ɗaya, wani zanen ya cinye yini biyu.

Tunda ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 tambaya ɗaya muke sha a ko ina, "naku ba AI ne?" Da yawa cikin manyan manhajojin sun sa nasu maballin ƙirƙirarriyar basira, ka rubuta abun da kake so a zana maka. Mu ma a farkon 2024 muka sa namu, muka rubuta masa "Zana mini".

Bari in faɗi yadda yake aiki a lokacin, don a nan matsalar ta kwanta. AI irin wannan baya zane, rubutu yake yi, kalma bayan kalma, yana hasashen wacce ta fi dacewa ta biyo baya. Toh akwai wani salon rubutu mai suna Mermaid, wanda Knut Sveidqvist ya fara a 2014, in ka rubuta A --> B sai kwamfuta ta fitar da akwati biyu da kibiya a tsakaninsu. Sai muka ce shikenan, mutum ya rubuta bayaninsa, mu tura wa AI mu ce ya mayar mana da shi Mermaid, in ya dawo wani ɗan kod mai suna dagre ya jera akwatunan sahu sahu. Mun gwada da yadda ake shiga manhaja da lambar sirri, mun gwada da cire kuɗi a ATM, da rajistar ɗalibi, duk da Turanci, duk suka fito fes. A cikin umarnin da muka ba AI ɗin mun sa misalin iyali guda ɗaya tak, miji ɗaya mata ɗaya ƴaƴa biyu, kuma na tuna ni na rubuta jimlar da ke cewa ya sauƙaƙa zanen kar ya cika layuka. Kuma da ka danna maballin abun da ya dawo yake hawa kan allon kai tsaye, da irin layi da irin launin da zanen hannunka ke da shi, ba yadda za a yi ka bambance.

Abun da ya faru

Kwana uku bayan ƙaramar sallah, watan Afrilu 2024, ana wannan zafin na Kaduna da ko fanka iskar wuta take hurawa, wata mai shagon buga takardu ta kira ni. Ta girme ni nesa, Anti nake ce mata, tana cikin waɗanda suka fara amfani da manhajar kuma bata taɓa kira da ƙorafi ba.

"Ƙanina kana ina? Ka zo shago yanzun nan don Allah, abunku ya ja mini abun kunya."

Na hau keke napep na tafi. Na tarar da fleks a naɗe a kan benci, da wani saurayi zaune ya haɗa kai da gwiwa. Shine aka ɗora wa aikin haɗa sunayen dangi, ya bi gida gida ya tattara, ya rubuta a WhatsApp ya turo wa Anti ana saura kwana biyu sallah. Ita kuma aiki ya mata yawa, katin biki ne, kalandar siyasa ce, sai ta kwafi saƙon ta zuba a "Zana mini". Cikin ƙasa da minti ɗaya zane ya fito, akwatuna a jere, layuka a miƙe, ta duba sama sama ta ga sunaye na nan, ta tura aka buga.

Taron shine na farko tun bayan rasuwar mai gidan, Alhaji, wanda ya rasu a shekarar da ta gabata. An rataye fleks ɗin a tsakar gida, mutane suka taru kowa na neman sunansa da yatsa. Wanda ya fara ganin kuskure wani dattijo ne da ya taso daga Zariya, wan marigayin, ya tarar an rataye shi a ƙasan ƙaninsa cikin sahun ƴaƴa. Wannan dariya aka yi, jikoki suka samu abun tsokana. Amma can sai wata daga cikin ƴaƴan Alhaji, matar aure da yaranta, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ina sunan mahaifiyarta. Alhaji mata uku ya aura, ta tsakiyar ta rasu tun yarinyar na goye, uwargida ce ta riƙe ta har ta aurar da ita. A zanen kuwa mata biyu ne kawai, ita an ja layinta daga uwargida, marigayiyar babu ita babu alamarta. Saurayin ya ce mini bata yi hayaniya ba, ɗaki ta shiga, sai kukanta aka ji. Daga nan taro ya canja, wasu suka fara cewa da gangan ɗakin uwargida suka yi tunda saurayin jikanta ne, magana ta koma ta ƴan ubanci, tsofaffin ciwuka suka tashi, aka sauke fleks kafin la'asar.

Wallahi har yau in na tuna yaron nan zaune a benci yana rantsuwa ya rubuta sunanta, sai in ji wani iri. Kuma gaskiya ya faɗa, na karɓi wayarsa na gani, sunan na nan.

Da muka zauna muka bi saƙon layi layi

Na roƙe shi izini na kwafi saƙon, muka koma ofis mu uku muka kunna janareta don an ɗauke wuta, muka ajiye saƙon a gefe ɗaya abun da AI ya dawo da shi a ɗaya gefen.

Na dattijon Zariya shi ya fi sauƙin ganewa. Yaron ya rubuta "yayan Alhaji na Zariya" sannan sunan. Mu a waya haka muke rubutu, ba ƙugiya ba alama, "yaya" ɗaya ce a ido amma uku ce a baki, yaya na wa ko ya, ƴaƴa na haihuwa, da yaya na tambaya. Bahaushe da ya san gidan bazai ko tsaya tunani ba. AI bai san gidan ba, ya ga "yayan Alhaji" a cikin jerin dangi, ya ɗauki ma'anar da ta fi yawan zuwa, ya wuce. Haka "da" da "ɗa", haka "dan" da wasu ke rubutawa a madadin don, alhali ɗan wane ma haka yake fitowa. Ni kaina daga ranar na canja allon rubutun wayata na koma sa ƙugiya, amma bazan iya tilasta wa kwastoma ba, kuma bai kamata ma in gwada ba, manhaja ce zata bi mutane.

Na marigayiyar ya fi ciwo don hannuna na ciki. Saƙon ya ce ta tsakiya ta rasu, ta bar ƴa ɗaya, "uwargida ce ta rike ta". AI ya ɗauki riƙo a matsayin haihuwa, ya ja layin yarinyar daga uwargida, sai akwatin marigayiyar ya zama ba kowa a ƙasansa, ga kuma umarnina na cewa a sauƙaƙa zane, ga misalin da na bashi na gida mai mata ɗaya. Ya sauƙaƙa. Riƙo a gidajenmu ba ƙaramin abu bane, gwaggo na riƙe ɗan ɗan'uwanta, kaka na yaye jika ta riƙe, kishiya na riƙe maraya, kuma kowa a gidan ya san riƙo daban haihuwa daban ko da ba a faɗa a gaban yaron. Zanenmu kuwa kibiya iri ɗaya ce da shi, daga sama zuwa ƙasa, bashi da inda zai ajiye wannan bambancin ko da AI ɗin ya gane.

Akwai wasu biyu da ma ba wanda ya lura dasu a taron. Amarya ta zo gidan da ɗanta na auren farko, agola kenan, an saka shi cikin ƴaƴan Alhaji. Sai kuma wani jika da aka yi wa Alhaji takwara, sunan yanka ɗaya, a gida Abba ake ce masa kamar yadda aka saba da masu sunan uba. A Mermaid in suna ɗaya ya zo sau biyu a matsayin lambar akwati, akwati ɗaya ake ɗauka. Sai kaka da jika suka haɗe, wata kibiya ta lanƙwaso daga ƙasa ta koma sama, Anti ta ganta ta ɗauka layi ne ya karkace ta goge, jikan ya ɓace gaba ɗaya.

Abokina ya ce mu sake tura saƙon mu gani. Muka tura sau biyar, bai dawo iri ɗaya ba, wani zubin marigayiyar ta fito wani zubin babu, sau ɗaya ma dattijon ya hau inda ya dace. Kuma duk biyar ɗin kyansu ɗaya, a jere a tsaftace. Wannan ne ya tsorata ni, kyan ɗan maciji. Zanen hannu in mutum bai tabbata ba ana gani, ya bar gurbi, ya sa alamar tambaya, layin ya karkace. Na AI kuwa inda ya sani da inda ya yi canki duk fuska ɗaya suke da ita.

Washegari Anti ta ƙara mini da wadda ta hana ni barci. Ashe ba a raba gadon Alhaji ba tukuna, kuma ɗaya daga cikin ƴaƴan ya ɗauki hoton fleks ɗin a waya tun da safe yana cewa ai an huta, wannan za a nuna wa malam. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malamai ya san ɗa namiji na katange ɗan'uwan mamaci daga gado, agola baya gadon mijin uwarsa, matan da mutum ya mutu ya bari su ke raba tumuni in akwai ƴaƴa. Malami na ƙwarai zai tambayi magada da bakinsu ba zai tsaya kan hoto ba, na sani, amma takarda mai kyan tsari tana da ƙarfi a zaman sulhu, wanda aka rubuta shi cikin ƴaƴa zai iya riƙe ta.

Gardamar ofis

Abokina cewa ya yi a cire maballin kawai, mu koma yadda muke. Ni na fi karkata ga in gyara umarnin, in ƙara misalai na gida mai mata huɗu, in koya masa yaya da ƴaƴa. Ƙanwarmu ce ta tsaya ta ce duk mun kauce. Ta ce "Yaya, ko ka bashi misali ɗari wata rana zai ci karo da gidan da baka hango ba, kuma zai zana shi da kyau haka. Ni abun da ya dame ni shine Anti bata da yadda zata san inda ya yi canki. Da ɗan aiki ne ta ɗauka a shago, ai zai ɗago kai ya ce Anti wannan yayan na wa ne ko na haihuwa." Muka yi shiru. Kusan duk abun da muka yi bayan nan daga maganar nan tata ya fito. Mun kashe maballin na wata biyu da ƴan kwanaki muna gini.

Abu na farko mun daina barin AI ya rubuta Mermaid in salsala ce. Yanzu jerin bayanai yake dawo mana da shi a tsarin JSON (wani salon jera bayanai da kwamfuta ke iya karantawa) da mu muka gindaya, kowane mutum da lambarsa ta daban wadda ba ruwanta da suna, don takwarori su daina haɗewa, ga gurbin sunan yanka ga gurbin laƙabi. Aure ya zama abu mai zaman kansa a zanen, ɗan ɗigo tsakanin miji da mata, ƴaƴa kuma daga ɗigon suke saukowa, saboda haka kowane ɗaki na fita daban, ana ganin shaƙiƙai ana ganin ƴan uba. Riƙo ya samu nasa layin mai launi daban, agola na rataye a jikin uwarsa kawai. Wannan duk ba aikin AI bane, zanenmu ne tun asali bai san gidan Bahaushe ba, masu jan hannu dabara suke ta yi suna rufa mana asiri bamu sani ba.

Sannan kafin komai ya hau allo akwai kod na talaka, wanda ba hasashe a cikinsa, da ke tsayawa a ƙofa yana dubawa. Duk sunan da ke cikin saƙon mutum dole ya bayyana a sakamako, in ɗaya ya ɓace a tsaya. Ba mai uwa biyu ta haihuwa. Ba wanda zai zama kakan kansa. Kibiya bata zuwa akwatin da babu shi. Da wannan duban na farko kaɗai muke da shi a Afrilu da marigayiyar bata ɓace ba, layi ƙasa da ashirin ne na kod, na rubuta shi a zama ɗaya.

Tambayoyin su suka fi cin lokaci. Bamu dogara da AI ya faɗa mana inda yake shakka ba, don mun gwada mun ga wani lokacin yana cewa ya tabbata a daidai inda ya yi kuskure. Sai muka haɗa jerin kalmomin da mu muka san suna da harshen damo, yaya da yayan, da, dan, kaka da bata nuna mace ko namiji, baba da wasu ke kiran uba wasu ƙanin uba wasu ma gwaggo, inna, riƙe, goyo, ɗan ɗaki. In ɗaya ta fito a saƙo manhajar na tsayawa ta tambaya da Hausa, da maballi biyu ko uku, "Wane yayan Alhaji ne, wato wansa, ko cikin ƴaƴansa yake?" Gwajin farko ta yi tambaya ta wuce misali, Anti ta ce mini "ƙanina wannan ai gara in ja da hannuna", sai muka rage, muka bar waɗanda amsarsu ke canja wurin mutum a zanen, sauran a bari mutum ya gyara in ya ga dama. Har yanzu muna ja muna sassautawa a kan wannan, matambayi baya ɓata amma mai shago da layin kwastoma a gabanta haƙurinta na da iyaka.

Abun da ya fito kuma yanzu da layin ɗigo ɗigo yake fitowa, launinsa a dushe, kamar zanen fensir. Sai mutum ya taɓa kowane ɗaki ya ce eh haka ne sannan layin ya cika. In ka je fitar da fayil don bugawa alhali akwai sauran ɗigo ɗigo, manhajar zata gaya maka guda nawa ne baka duba ba, in ka nace zata fitar amma da ɗigon nasu, bata ɓoyewa. Duk abun da ka ja da hannunka AI bashi da ikon taɓawa, ko matsar da shi, sai dai ya kawo shawara a gefe. Maballin komawa baya kuma taki ɗaya yake kwashe duk abun da AI ya kawo. Sunan maballin ma mun canja, daga "Zana mini" ya koma "Fara mini", ƙanwarmu ce ta zaɓa.

Maganar sirri da maganar kuɗi

Sai da abun ya faru na zauna na yi tunanin me ma muke turawa waje. Sunayen mutane cikakku, wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya rasu, sunayen ƙananan yara, duk suna tafiya sabar wani kamfani a ƙasar waje, kuma yaron da ya tattara bai sani ba balle waɗanda aka rubuta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yuni 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta yi magana kan yardar mai bayani, kan bayanan yara, da kan fitar da bayanai ƙetare. Amma ko ba doka, ni bazan so a tura labarin sakin gwaggota wani wuri ban sani ba. Yanzu kafin saƙo ya bar wayar mutum, manhajar na nuna masa kalmomin da take zaton sunaye ne, ya tabbatar, ta musanya su da M1, M2, M3, AI lambobi kawai yake gani, in amsa ta dawo a mayar da sunayen a cikin wayar. Wannan ya zo da nasa farashin, don da daga suna AI ke gane mace ko namiji, yanzu sai mutum ya taɓa ya nuna. Mun yarda da hakan. Kuma akwai rubutu ƙarara a jikin maballin cewa wannan aikin na buƙatar intanet kuma bayanin zai fita, sauran manhajar kuwa komai a wayarka yake.

Kuɗi kuma da dala ake biyan masu AI, gwargwadon gutsattsarin kalmomin da ka tura da waɗanda aka dawo maka dasu. Hausa ta fi Turanci tsada a wannan lissafin, don abun da ke yanka rubutun ya fi sabawa da Turanci, kalmarmu ɗaya sai ya daddatsa ta gida uku ko huɗu, haruffa masu ƙugiya ma bayit biyu suke ci a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, inda d da k ke cin ɗaya. Ga dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, wanda kan kwastoma yake faɗawa. Wannan ya sa muka bi manhajar muka tabbatar babu hannun AI a duk inda kod na talaka zai iya, jera akwatuna, daidaita layi, zaɓen launi, duk ba sai an tambayi kowa a ƙetare ba. Aiki ɗaya muka bar masa, karanta dogon saƙon mutum ya fitar da waye da waye da abun da ke tsakaninsu, shi ɗin kuwa ya iya, yana mayar da aikin yini biyu ya koma na awa ɗaya ko biyu harda dubawa.

Mutane da yawa sun roƙa mu ƙara maballin rabon gado, tunda ga magada a zane ai saura lissafi. Wani ma ya ce zai biya. Mun ƙi, kuma ni ne na fi tsananta ƙin. Lissafin kansa ba shine wahalar ba, ayoyin suna nan a Suratun Nisa'i, ta 11 da 12 da 176, malamai sun yi bayani tun ƙarnuka. Wahalar ita ce wa ya riga wa rasuwa, akwai bashi, akwai wasiyya, akwai ciki, auren na nan lokacin rasuwar ko ya ƙare, abubuwan da sai an zaunar da mutane an tambaye su ido da ido. A ƙasan duk salsalar da aka fitar yanzu akwai ɗan rubutu cewa wannan zanen zumunci ne, rabon gado sai gaban malami ko kotu.

Da muka gama na koma wajen Anti na ce a kira yaron, mu zamu biya kuɗin sabon fleks. Muka zauna a shagon muka sa saƙonsa na asali ba tare da mun gyara ko harafi ba. Ta tambayi maganar yayan Alhaji, ya amsa. Ta tambaya uwargida ta haife ta ne ko riƙo, ya amsa. Sai kuma mai duba ƙofa ya ƙi zanen gaba ɗaya, wai akwai zagaye. Muka duba, ashe auren zumunci ne, ɗiyar Alhaji na auren ɗan dattijon Zariya, layi ya rabu daga kaka ya sake haɗewa a ƙasa, ni kuma na rubuta kod ɗin yana ƙin duk wata haɗuwa, alhali abun da ya kamata ya ƙi shine mutum ya zama cikin kakannin kansa. A nan shagon na buɗe laftof na gyara, Anti na buga wa wani katin suna a gefe.

Kafin a buga, yaron ya ce bazai sake ɗaukar nauyin shi kaɗai ba. Aka fitar a takarda A3 ya kai Zariya, ni ma na bi shi don ina son in ba dattijon haƙuri da bakina. Na durƙusa na gaishe shi na ce "Baba laifinmu ne, ba na yaron nan bane." Ya sa tabarau ya bi takardar da yatsa tun daga sama, ya gyara mana sunan wata ƙanwarsu da ta rasu tana ƙarama wadda ba wanda ya ma rubuta ta, sannan ya tsaya a kan yara biyu daga ɗakuna daban daban ya ce "ɗana, waɗannan nono ɗaya suka sha, ina za ka nuna wannan? Don gobe kar wani ya ce zai haɗa su aure." Bamu da layin shayarwa. Na rubuta a bayan hannuna da biro don kar in manta kafin mu iso Kawo.

An rataye sabon fleks ɗin a gidan da babbar sallah. Ban je ba, amma yaron ya turo mini hoto, ɗakuna uku a jere, na tsakiyar da suna ɗaya a ƙasansa da ɗan layin riƙo mai launin kore ya tafi wajen uwargida. Layin shayarwar sai bayan wata ɗaya muka sa shi, shuɗi ne, kuma shi kam AI baya jan shi ko da an rubuta a saƙo, tambaya kawai yake yi, mutum ya ja da hannunsa.